Ranar da Janareto Ya Ɗauke

Mijin yayata mai walda ne, kuma kaf cocinmu babu mai mummunar murya kamarsa. Ba sharri nake masa ba, shi ma ya sani. In ya buɗe baki zai yi waƙa, jariran da ke goye farkawa suke yi, shi ya sa aka laƙaba masa Janareto, sunan kuma ya bi shi har shago. Duk da haka yana cikin ƙungiyar mawaƙa, a layin baya ta gefen taga, bai kuma taɓa fashin koyon waƙa ba. Ni ma a ƙungiyar nake, daidai gabansa nake tsayawa, don haka ƙeyata ce ke shan duk abin da ya fito daga maƙogwaronsa kowace Lahadi. Ina ganin wannan ya ba ni izinin ba da labarinsa.

A gidansu na tashi tun ina makaranta, saboda haka na san shi tun yana da murya ta gaske. Abin haushin ke nan: Allah ya ba mutumin nan murya mai daɗi, garau, wadda ake ji daga wancan tsallaken titi, shi kuwa bai ga abin da ya dace da ita ba sai zagi. Shagonsa rumfa ce ta kwano a bakin hanya, ƙofofin ƙarfe da tagogi a jingine ko'ina, ƙasa cike da guntayen sandar walda. Aikinsa babu na biyu, in ya haɗa ƙarfe sai ka nemi wurin haɗin ka rasa. Amma duk wanda ya zo karɓar ƙofarsa sai ya haɗa da baƙar magana ya tafi da ita. Ya zagi mai kawo ƙarfe, ya zagi masu wuta in sun ɗauke, ya zagi akuyar maƙwabta har da iyayenta. Coci kuwa sai ranar ɗaurin aure ko jana'iza, shi ma a bakin ƙofa yake tsayawa.

Hannunsa bai taɓa hawa kan Yaya ba, wannan na shaide shi. Amma bakinsa ya sa ta kuka a ɗakin girki fiye da albasa. Takan share hawaye ta ce masa, cikin sanyin murya, ya dai riƙa tunawa baki shi ke yanka wuya. Babu wanda ya zaci maganar za ta faɗa daidai a kan wuyan.

Da dusashewar murya abin ya fara. Ya ce hayaƙin walda ne, ya sha zuma, ya sha ruwan zafi, bai ga sauƙi ba. Da ƙyar Yaya ta ja shi asibiti, aka gano ƙari a maƙogwaro, aka ce sai an yanka. Likitan bai ɓoye musu komai ba, ya ce ran dai ana sa ran za a tsira da shi, amma murya kada su sa rai. Aka yi aiki, ya tashi, ya dawo gida da tabo a wuya, bakinsa na motsi babu abin da ke fita.

Da farko, gaskiya, unguwa ta huta. Ni kaina na ce a raina gidan zai yi daɗin karatu. Amma shirun ya daɗe, watanni suka yi ta wucewa, har ya zama wani abu mai nauyi da ke zaune tare da mu a falo. In yana son ruwa sai ya ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi. In abin ya fi ƙarfin cokali sai ya tsaya gaban Yaya ya yi ta motsa leɓe, jijiyoyin wuyansa su miƙe, ita kuma ta zuba wa bakin ido tana ƙoƙarin karantawa. Ta iya, har ta ƙware, amma kullum in ya juya baya sai ta shige ɗakin girki. Ta taɓa ce mini da wannan motsin baki babu sauti, gara mata zagin.

A cikin shirun nan ne ya fara bin mu coci. Ba wanda ya ja shi. Wata Lahadi kawai muka fito muka tarar ya riga mu saka takalmi. Yakan zauna a bencin ƙarshe, hannuwansa masu tabon tartsatsi a kan gwiwa, yana sauraro. Ban san me ke gudana a ransa ba sai daga baya da ya ba ni labari. Ya ce tun da bakinsa ya mutu kunnensa ya buɗe, abin da ya fara ji kuwa shi ne duk maganganun da ya taɓa yaɓa wa mutane, ɗaya bayan ɗaya, da muryarsa ta da. Ya ce kunya ta hana shi roƙon murya. Wanda aka ba amana ya wulaƙanta ta, da wane ido zai koma ya ce a ƙara masa? Abu ɗaya ya iya roƙo, Yesu ya gafarta masa, ya kuma ce a bencin nan ya tabbata an gafarta, tun bakinsa na rufe.

Muryar ta dawo ne da rana tsaka, a shago, babu addu'a babu shiri. Ya koma aiki a lokacin, don walda ba ta bukatar baki. Yaya ta kai masa abinci, ta nemi inda za ta ajiye kwano, ta kai hannu za ta ture wani guntun ƙarfe da ya gama ƙonawa yanzun nan. Sai ta ji wani abu kamar ana jan tebur a kan siminti ya ce, "Da zafi."

Ta waiga tana neman wanda ya yi magana. Babu kowa a rumfar sai su biyu. Kwanon ya kife, ta zauna a ƙasa cikin guntayen ƙarfe da zanenta mai kyau, ta ce ya sake faɗa. Ya sake. Ranar sai da ta sa shi ya faɗi "da zafi" har mai faci na kusa da su ya leƙo ya tambaya ko gobara ce.

Muryar da ta dawo ba waccan ba ce. Wannan a kwance take, da gurnani da karkarwa, ba ta hawa ba ta sauka. Muka yi ta jira ta washe, ba ta washe ba har yau. Na taɓa tsokanarsa na ce tun da za a mayar masa, me ya sa bai zaɓi mai kyau ba. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Auta, ke ba ki gane ba. Ni gafara na je roƙo, ita ma ba da ko sisi ba. Aka ba ni, sannan aka ɗora mini wannan a kai gyara. Kin taɓa ganin wanda aka yi wa gyara a kasuwa ya tsaya yana cewa ba ta yi kyau ba?"

Sati bai zagayo ba ya je ya tsaya gaban tsohon malamin waƙarmu ya ce yana so ya shiga ƙungiya. Tsohon ya sa shi ya gwada baiti ɗaya, ya saurara ido a rufe kamar mai ciwon haƙori, sannan ya nuna masa layin baya. Ya san labarin, kowa ma ya sani. Da maƙwabtan shago suka ji wai mai walda ya zama ɗan kwaya, wata tsohuwa ta riƙe baki ta ce ashe bayan zagi har da shaye-shaye, sai da aka yi mata bayani cewa kwayar coci ce, wato ƙungiyar mawaƙa, ba ƙwayar haɗiya ba.

An ce hali zanen dutse, amma ni na ga an kankare. Ya bi mutanen da ya zaga ɗaya ɗaya yana ba su haƙuri, har mai akuyar. Ƙofar coci da ta shekara tana kuka ya cire ta ya gyara, ya yi wa tagogin ajin yara ƙarfe, ba wanda ya sa shi. Amma duk wannan a wurinsa aikin hannu ne, kuma ya ce ba hannu aka mayar masa ba. Godiyarsa a waƙa take. Yana waƙa yana aske gemu, yana waƙa a kan babur, yana waƙa a shago tare da injin yankan ƙarfe har ka kasa raba su. In an ɗauke wuta, maimakon zagin da aka saba, sai a ji ya ja waƙar yabo, maƙwabta su ce to, an tayar da Janareto. Yaya kuwa kullum cikin mita take. Takan ce ita ta yi kuskure, ta roƙi Allah ya dawo da murya ta manta ba ta faɗi wace iri ba. In ya fara da sassafe sai ta rufe ƙofar ɗakin girki da ƙarfi, amma na sha leƙawa in tarar tana yanka albasa tana murmushi.

Haka muka yi shekaru, har tsohon malamin ya gaji ya ajiye, aka kawo mana sabo. Matashi ne mai tabarau, ya yi karatun waƙa, ga ladabi ga son aiki. Cikin ɗan lokaci ya gyara mu, ya koya mana inda ake jan numfashi da inda ake sassautawa, muka fara jin kanmu kamar wasu mutane. Abu ɗaya ya gagare shi, wato layin baya ta gefen taga. Nakan ga yana ɗaga hannu a hankali don a yi ƙasa da murya, kowa ya yi ƙasa, Janareto kaɗai ya rage yana aiki. Baƙo ko yana da ido makaho ne. Mu kuma labarin ya tsufa a wurinmu har kowa ya ɗauka wani ya riga ya gaya masa.

Sai ga labari cewa wani gidan rediyo zai zo ya ɗauki sujadarmu ta Lahadi. Ƙungiya ta rikice da murna, aka wanke riguna, aka ƙara ranakun koyo. Janareto ya fi kowa zumuɗi. Ya ce wa Yaya yanzu godiyarsa za ta kai inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba, ita kuma ta ce Allah ya ji ƙan masu rediyo.

Abin da ya faru ranar Asabar, daga bakin Malam na ji shi daga baya. Ya je shagon da yamma, ya tarar da shi a tsugune yana haɗa ƙyauren wani gida, baƙin gilashi a fuska, yana rera waƙar gobe. Malam ya gaishe shi, ya yaba ƙyauren, ya yaba himmarsa, ya yi ta kewaye-kewaye har ya rasa sauran abin yabawa. Daga ƙarshe ya ce na'urar masu rediyo tana kwashe komai, ba ta da kara. Ba wai ya ce kada ya zo ba, a'a, ya zo ya sa riga ya tsaya a wurinsa.

"Sai dai, Baba, gobe kawai, ka yi ta a zuci. Ka riƙa motsa baki tare da mu."

Malam ya ce mutumin ya ɗaga gilashin ya dube shi, yana shafa wuyansa da bayan hannu. Ya yi zaton faɗa ne zai biyo baya. Sai ya ji ya ce, "Gaskiya ka faɗa, Malam, muryar ba ta da daɗi. A zuci. To, ai can ma Allah yana ji." Har ya raka shi bakin titi ya yi masa godiya.

Janareto ya ji ciwo, wannan ba sai an gaya mini ba. Abu ɗaya da yake da shi na kaiwa gaban Ubangiji aka ce ya bari a aljihu, kuma a ranar da ya fi ɗokin kaiwa. Mai faci ya ce har aka rufe shago bai sake jin waƙa ba. Amma bai gaya wa kowa ba, balle Yaya. Ya san halinta: ita ta yi mitar muryarsa daga safe zuwa dare, amma wani ya taɓa, sai ta ɗaura ɗankwali ta nufi gidan mutum. Bai so a kunyata yaron mutane. Ya goge rigarsa da kansa kamar kullum, ya rataye ta a bayan ƙofa.

Lahadi coci ta cika har waje. Masu rediyo sun ja wayoyi a tsakanin benci, sun kafa abin ɗaukar magana a gabanmu, wani mai faifan kunne ya zauna a gefe da na'urarsa. Yaya na benci na kusa da gaba, ta sha ɗaurin ɗankwalin da ba ta yi sai ranar biki. Malam ya ɗaga hannu, muka ja numfashi, muka shiga.

Tun baitin farko na ji ƙeyata wayam. Waƙar ta tashi sumul, kowace murya a wurinta, ban taɓa jin mun yi daɗi haka ba, kuma ban taɓa jin gabana ya faɗi haka ba. Ba damar in waiga, ido na kan hannun Malam. Sai na saci kallon jama'a, idona ya faɗa kan Yaya.

Ta fara da murmushin nan nata na mai jiran abin da ta saba. Sai murmushin ya tsaya. Ta karkata kai tana saurare, ta ɗan ɗaga daga zaune, ta zuba ido bayana. Abin da take gani shi ne mijinta a tsaye, bakinsa na buɗewa yana rufewa, jijiyoyin wuyansa a miƙe, babu abin da ke fita. Kowa a cocin nan ya ga mutum yana waƙa. Ita kaɗai ta taɓa zama da wannan fuskar wata da watanni, ta san ta fiye da tafin hannunta.

Jakarta ta faɗi ba ta ɗauka ba. Ta fito daga benci ta taka ƙafar wani dattijo ba ta ba shi haƙuri ba, ta tsallake wayoyin masu rediyo, ta hau matakala. Masu muryar sama suka fara yin shiru, sai na kusa da su, waƙar ta warware ɗaya bayan ɗaya har ya rage mai molo kaɗai, shi ma ya tsaya. Ta ratsa tsakanina da ta kusa da ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta kai hannu biyu ta kama wuyansa, daidai kan tabon.

"Yi magana," ta ce.

Shi kuwa bawan Allah ya rikice. An ce masa a zuci, ga na'ura a kunne, ga jama'a. Ya dubi Malam, ya dube ta, ya motsa baki yana nufin ta je ta zauna. Wannan ya ƙarasa ta. Ta ƙara riƙe wuyansa.

"Maigida, don girman Allah. Ko kalma ɗaya."

"Lafiyata ƙalau," ya ce, da gurnanin nan nasa da ya cika cocin ya fita ta taga. "An ce yau a zuci ne."

Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba, ni da na yi shekaru ina kuka da ƙeyata. Yaya ta saki wani abu tsakanin dariya da kuka, ta jingina goshinta a ƙirjinsa, ɗaurin ya zame gefe. Jama'a suka sauke numfashi, wasu na dariya, tsofaffin mata na share ido da bakin mayafi. Da ta dawo hayyacinta sai ta ɗago ta tambaya, a hankali, wa ya ce. Na tausaya wa Malam a lokacin. Amma yaron kirki ne, bai ɓuya ba, ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

Kafin Yaya ta buɗe baki Fasto ya taso. Ya dafa kafaɗar Malam ya ba shi labarin a taƙaice, a gaban kowa: yankan, da shirun, da ranar da aka ce ƙarfe da zafi. Ya ce laifin namu ne da muka bar baƙo a duhu. Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya juya wajen mai faifan kunne ya tambaya ko za a iya farawa daga farko. Mutumin ya ce na'urarsa ba ta tsaya ba tun ɗazu, kuma shi ba ya da niyyar tsayar da ita.

"Baba, ka yafe mini," in ji Malam. "Daga farko za mu ɗauko. A fili."

"Malam, zan ɓata maka ita fa."

"Ai ba ni ake yi wa ba."

Ya ɗaga hannu, muka ja numfashi, Janareto ya tashi. Ya shiga kafin kowa, ya bi ta inda babu hanya, ya riƙe ƙarshen baiti bayan duk mun saki. Jarirai suka farka kamar yadda suka saba. Jama'a ba su jira an ce su tashi ba, suka miƙe suka shiga waƙar, har benci na rawa. Na karya doka na waiga. Idonsa a rufe, hawaye na bin gemunsa, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa sabon takalmi.

Yaya ba ta koma wurinta ba. Tana nan tsaye a layin maza, ita kaɗai babu rigar ƙungiya, ɗauri a karkace, tafin hannunta a kan maƙogwaronsa. Na matsa na raɗa mata cewa ta je ta zauna mana, ana kallonta.

"Su kalla," ta ce, ba ta ko dube ni ba. "Bar ni in ji ta da hannuna."